Tambayoyinku: Matsattsaku ya kama ni, gishiri zan sa masa ko wuta?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da damina. Tunda ruwa ya zauna fadamu suka cika, saƙonni da yawa da ke shigo min duk a kan abu ɗaya ne, matsattsaku. Shi yasa wannan makon na ware filin gaba ɗaya dominsa, masu tambayar hawan jini da olsa ku yi min haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Abin da ya fi damuna a saƙonnin nan shine cizon kansa ba wani babban abu bane, amma abin da muke yi wa ciwon bayan cizon shi ke kwantar da mutane, sannan wanda ya kamata a ji tsoro, wato wanda ke shiga hanci da maƙogwaro, shi kuma ba a cika saninsa ba.

Tambaya daga wani manomi a Kura, jihar Kano:

Slm Malam likita, dan Allah inada tambaya. Ni manomin shinkafa ne, na kai shekara talatin ina shiga ruwa, kuma tun muna yara in matsattsaku ya kama mutum gishiri ake barbaɗa masa ko a ɗana masa wutar taba ya saki. To yanzu yarona da ke karatun aikin jinya yace wai kuskure ne mu daina, ni kuma banga abin da ya taɓa yi min ba. Wanne ne gaskiya? Sannan meye zai hana su kama mu lokacin dashe, dan bana abin yayi yawa wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Yaronka yana da gaskiya, kai ma ba ƙarya kayi ba, gishiri yana sa shi ya saki, wuta ma haka, kalanzir ma haka. Matsalar ita ce yadda yake sakin. In ka zuba masa gishiri ko ka ƙona shi, azaba ce ta sa ya murɗe jiki, kuma a wannan murɗewar yakan yi aman abin da ke cikinsa, bakinsa kuma yana cikin namanka a lokacin, ka ga ina aman zai tafi? Cikin ciwon. A cikin hanjin matsattsaku akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Aeromonas, tare suke rayuwa, ita ke taimaka masa wajen sarrafa jinin da ya sha, shi ba ta yi masa komai amma in ta shiga fatar mutum tana iya sa wurin ya kumbura yayi ruwa. Sau da yawa jiki yana cin ƙarfinta shi yasa ka shekara talatin ba ka ga komai ba, alhamdulillahi, amma ba kowa ke da irin jininka ba, mai ciwon suga ko tsoho ko yaron da ba ya samun abinci sosai, ƙaramin cizon nan a ƙauri shi ke komawa gyambo. Ita kuwa wutar taba ko ashana ƙari take yi, ka tashi da ciwo biyu, cizo da ƙuna.

Yadda ake cire shi da sauƙi ne, kuma ka riga ka san dabarar a wajen wanzami. Ƙaho in ya kama fata ai ba fizge shi ake yi ba, iska ake bari ta shiga sai ya saki da kansa. To matsattsaku ma ƙaho biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshe. Mutane da yawa suna ɗauka ɓangaren mai kauri shine kai, a'a, wancan gindi ne da yake riƙe jikinka da shi, bakin yana ɓangaren siririn. Sai ka danne fatar da ke gefen bakin da yatsa ɗaya ta miƙe, ka sa farce ko tsohon katin waya ko katin banki ka tura a kwance tsakanin bakin da fata, a hankali, kamar kana ɓamɓare ƙanzo a tukunya. Da iska ta shiga zai saki. Sai kayi maza ka ɓamɓare gindin ka yarfe shi, dan in ka tsaya kallo zai juyo ya sake kamawa ko ya manne maka a yatsa. In ya faɗi ƙasa to a nan ne gishirinka yake da amfani, ka zuba masa iya son ranka. Kada dai a kama shi a tsakiya a matse a ja da ƙarfi, matsewar ma tana tura abin cikinsa cikin ciwo, jan kuma yana yage fatar. Wanda kuma ba ya ƙyama, ko ba a taɓa shi ba in ya ƙoshi da kansa zai faɗi, tsakanin minti 20 zuwa kamar awa ɗaya.

Batun kariya kuma, nasan za a ce dogon takalmin roba, kuma nasan a taɓon dashe takalmin maƙalewa yake yi har mutum ya gaji ya cire ya ajiye a kan kunya. Wanda ya fi zama a ƙafa shine doguwar safa mai kauri irin ta 'yan ƙwallo, a haɗa biyu in da hali, a cusa bakin wando a cikinta a ɗaure da kyalle ƙasan gwiwa, wandon ya zama mai saƙa a matse ba mai raga-raga ba. Matsattsaku motsin ruwa yake bi da ɗumin jiki, kuma ya fi son inda fata take da laushi ko inda akwai ciwo tun asali, tsakanin yatsu, bayan gwiwa, cinya, shi yasa in kana da faso ko yanka ka rufe shi da filasta kafin ka shiga. Wasu na shafa sabulu mai kauri su bari ya bushe a ƙafa, wasu ruwan ganyen taba, suna ɗan korewa amma ruwa yana wanke su cikin ɗan lokaci, dole a riƙa sabuntawa. Ku riƙa duba juna duk sanda aka fito shan ruwa ko sallah, dan cizonsa yawanci ba a ji, sai dai a ga jini a wando.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah ka isar wa abokan aikinka, kada a shafa fiya-fiya ko maganin feshin gona a ƙafa da sunan korar matsattsaku, kada kuma a tuttula shi a ruwan. Irin waɗannan magungunan ta fata suke shiga jiki, gubarsu tana iya kisa, kuma ruwan nan shi ne ke gangarawa inda yara ke wanka dabbobi ke sha masunta ke kamun kifi.

Tambaya daga wata uwa a Haɗeja:

Likita barka da aiki. Yarona ɗan shekara tara yaje wanka a kududdufi da abokansa ya dawo da abin nan a cinyarsa, yayyensa suka fizge shi, to wallahi tun la'asar jini ke zuba har bayan isha'i bai tsaya ba, duk tsumman da na ɗaura sai ya jiƙe. Kakarsa tace dafi ne aka sa masa toka da garin gawayi. Yanzu kwana uku wurin sai ƙaiƙayi yake yana ta sosa. Shin dafi gare shi ne kamar maciji?

Amsa: 'Yar uwa sannu, nasan hankalinki ya tashi, ganin jinin ɗa yana zuba awa biyar ba ƙaramin abu bane ga uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba dafi bane irin na maciji ko kunama. Abin da ke faruwa shine matsattsaku yana da muƙamuƙi uku masu ƙananan haƙora kamar zarto, da su yake tsaga fata, in kin duba wurin da kyau za ki ga tsaga uku sun haɗu a tsakiya kamar tambarin Marsandi. Yana tsagawa yana zuba yawunsa a ciki, a yawun nan kuma akwai sinadarin da ake kira hirudin wanda aikinsa hana jini daskarewa, dan ya samu ya sha a nutse jinin bai yi guda ya toshe masa baki ba. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Haycraft ne ya gano wannan a 1884. To ko bayan ya faɗi sinadarin yana nan a cikin ciwon, sai jinin ya wanke shi a hankali, shi yasa tsatstsafowar kan ɗauki awanni, awa goma ma ba abin mamaki bane, wani har ya kwana. Abin da shi kansa yake sha bai taka kara ya karya ba, cokalin shayi ɗaya zuwa uku ne ga babba, wanda ke zuba daga baya yakan fi shi yawa, kuma jini in ya haɗu da ruwa ko gumi a tsumma sai ya zama kamar an yanka rago alhali kaɗan ne.

Abin yi shine a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsafta sosai, a shafa aidin in akwai, a ninke kyalle mai tsafta ko auduga da bandeji a danne da hannu da ƙarfi minti 15 cur, yaron yana kwance an ɗaga ƙafar a kan filo. Kuskuren da kowa ke yi shine ɗagawa duk bayan minti ɗaya a leƙa ko ya tsaya, duk leƙawa kina ɓalle ɗan gudan da ya fara haɗuwa ne. In kyallen ya jiƙe ki ɗora wani a kansa, kada ki cire na ƙasan. Kada kuma a ɗaure cinya tamau da igiya ko roba kamar yadda wasu ke yi wa saran maciji, wannan illa yake yi. In yana jin zafi farasitamol za a ba shi, banda asfirin da ibufurofen dan su ma suna tsinka jini.

Toka da gawayin nan kuwa, ki faɗa wa Iya cikin ladabi a daina, nasan kulawa ce ta sa tayi, amma toka da ƙasa da kashin shanu da garin batir duk hanya ce ta shigar ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle haƙora, wato tetanos. Tunda an riga an sa, ki wanke wurin tas yau ɗin nan, ki ɗauki katin rigakafinsa ki kai shi asibitin da ke kusa su duba ko yana buƙatar allurar.

Ƙaiƙayi al'adar cizon ne, yana iya kai sati, ki yanke masa farce ki rufe wurin, a kemis za a iya ba ki ƙwayar ƙaiƙayi daidai shekarunsa. Amma in kin ga jan yana faɗaɗa, wurin yayi zafi ya kumbura, ko mugunya, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi, to asibiti kai tsaye. Kuma dan Allah kada a sayi Ampiclox a ce an gama magani, ƙwayar cutar da ke cikin matsattsaku yawanci ba ta jin irin su amfisilin da amoksisilin, akwai wanda ya dace da ita likita ne zai rubuta. Yaro mai sikila, ko wanda daman jininsa ba ya tsayawa da wuri, ko babban da ke shan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, su ba a jira, in an danne rabin awa jini na gudu a tafi.

Tambaya daga wani matashi makiyayi, an turo daga yankin Nguru:

Malam ina gaisuwa. Ƙanina ɗan shekara shida yau sati biyu kenan yana haɓo, kullum sai jini ya fito kuma ta hanci ɗaya kawai, wani lokaci yana tofar da jini, muryarsa ta dishe, yace yana jin abu na motsi. An yi hayaƙi an yi rubutu ba sauƙi. Wani dattijo a rugarmu yace shi ya taɓa ganin haka a saniya, matsattsaku ne ta sha a ruwa. Shin zai yiwu a mutum? Mu dai a tafki muke sha in muna kiwo.

Amsa: Ƙanena, wannan saƙon naka shi ya sa na ware makon nan gaba ɗaya, kuma na riga na amsa maka ta waya tun ranar da ya shigo cewa ku kama hanyar asibiti, ina maimaitawa a nan ne saboda sauran jama'a. Dattijon nan ya san abin da yake faɗa. Ƙwarai yana yiwuwa a mutum, kuma yara ya fi samu. Akwai irin da masana ke kira Limnatis nilotica, sunan ma daga kogin Nilu aka samo shi, an san shi sosai a Masar da Sudan da Habasha da ƙasashen Larabawa, shi haƙoransa ba su da ƙarfin huda fata mai tauri sai ya nemi wuri mai laushi, cikin hanci, maƙogwaro, bayan ganɗa. Yana shiga ne yana ɗan mitsitsi kamar guntun zare lokacin da mutum ya kafa baki a ruwa ko ya kamfata da hannu, ba za ka gan shi ba balle ka ji shi, sai ya samu lungu ya manne yana sha yana girma har ya kai tsawon yatsa. Na waje in ya ƙoshi faɗuwa yake, shi wannan ya samu gida mai danshi da abinci, yana iya yin makonni a ciki. Tsohon abu ne a tarihi, a 1799 sojojin Napoleon na Faransa da suka ratsa hamada daga Masar zuwa Sham ƙishirwa ta sa suka riƙa shan ruwan kududdufai, da yawansu suka kama tofar da jini da sarƙewar numfashi, babban likitan tiyatarsu Dominique Larrey ya rubuta yadda ya riƙa zaro matsattsaku daga maƙogwaronsu.

Haɗarinsa biyu ne. Na farko jinin da ke tsiyaya dare da rana ba tsayawa, mafi yawansa ma yaron haɗiye shi yake ba ku gani, a hankali sai jini ya ƙare, akwai yaran da sai da aka yi musu ƙarin jini saboda wannan. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba, ka duba tafin hannunsa da harshensa, in sun yi fari fat, yana haki in ya ɗan yi tafiya, to abin ya yi nisa. Na biyu kuma wanda ya fi ban tsoro, in ya kumbura da jini ko ya saki ya zame ƙasa yana iya toshe hanyar numfashi. Wannan ne dalilin da yasa bana so ko kun hango wutsiyarsa a hanci ku sa tsinke ko hantsaki ku ja a gida, santsi gare shi kuma riƙonsa da ƙarfi, yana kuɓucewa ya ƙara shigewa. Kada a ɗura masa taba ko kalanzir ko fetur a hanci. A asibiti suna da fitila da abin leƙawa, su fesa maganin kashe zafi ko ruwan gishiri mai ƙarfi ya saki, su kama shi da abin kamu a lokaci ɗaya, sau da yawa aikin mintuna ne, kuma bayan an cire yawanci jinin kan tsaya ba da daɗewa ba. Ku nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma ku buɗe baki ku faɗa wa likitan cewa a tafki yaron ke sha, dan in ba ku faɗa ba zai iya tafiya neman tarin tibi ko wani ciwon daban, ku yi ta kashe kuɗin gwaji. Ko da an duba ba matsattsaku bane tafiyar ba ta faɗi ba, haɓo ta hanci ɗaya a yaro har sati biyu yana iya zama ƙwayar masara ko dutsen ado da ya cusa, dole dai a leƙa.

Iyaye mata ku ma ku riƙe wannan, yarinya ƙarama da ba ta isa al'ada ba in ta dawo daga wanka a rafi aka ga jini ta gabanta, a kai ta asibiti a duba, yana shiga nan ma, kunya ba ta da wuri a irin wannan.

Rigakafin kuma mun taɓa yinsa a ƙasar nan. Manya za su tuna lokacin yaƙi da kurkunu da aka riƙa raba kyallen tace ruwa ƙauye ƙauye, har Allah ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi. To kurkunu ya tafi sai muka ajiye kyallen. A ɗauko shi. Ko bakin rawani ko gefen mayafi mai tsafta aka ninka aka ɗora a bakin gora aka tace, matsattsaku komai ƙanƙantarsa ba zai wuce ba, in an samu hali a tafasa ya fi. Kada yaro ya kafa kai a tafki ya sha kamar yadda dabba ke yi. Shanun ma in da hali a ɗebo a zuba musu a komi ana gani, wadda kuma aka ga tana dalalar da yawu da jini tana ƙin kiwo a kira malamin dabbobi ya buɗe bakin ya duba ƙarƙashin harshe.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya:

Dan Allah matsattsaku yana ɗaukar cutar ƙanjamau ko ciwon hanta daga wani ya sa wa wani kamar yadda sauro ke yi da maleriya?

Amsa: Ƙanwata, ba a lissafa shi cikin masu yaɗa cuta irin sauro da kaska da ƙudan tsando. Dalili kuwa shi in ya sha ya ƙoshi sai ya koma ƙasan ruwa ya kwanta watanni yana narkar da abin da ya sha, wani har kusan shekara bai nemi kowa ba, ba ya tashi daga wannan ya faɗa wa wancan. Sai dai jinin da ya sha yana daɗewa a cikinsa, wannan ma wani dalili ne na kada a sa shi amai a cikin ciwo.

Amma tunda kin kawo maganar cuta bari in faɗa miki wadda nake so ki fi damuwa da ita. Ruwan da matsattsaku ke so, kwantacce mai ciyawa, shi ne dai ruwan da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya ke so. Ita tsutsar tsargiya ba a ganinta, ba ta barin tabo, ta fata take shiga, sai bayan watanni a ga yaro yana fitsarin jini wasu ma su ce alamar balaga ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara. Duk wanda matsattsaku ya kama to ya shiga irin ruwan nan kenan, in an ga jini a ƙarshen fitsari a je a yi gwaji, maganinta firazikwantel yana nan kuma ana raba shi kyauta a makarantu a wurare da dama.

Tambaya daga wani ɗalibi da ke karatu a Maleshiya:

Salam Dakta, 'yan ajinmu sun shirya zuwa dajin Taman Negara hutun nan, ana ta ba mu labarin wai matsattsakun can ba a ruwa suke ba a ƙasa suke. Ni na ɗauka in ban shiga ruwa ba shikenan. Me zan tanada?

Amsa: Wa alaikas salam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya aka faɗa maka. Namu na gida na ruwa ne, amma dazuzzukan Maleshiya da Indunusiya da Indiya da Siri Lanka suna da na tudu, mutanen can suna ce masa pacat, na ruwan kuma lintah. Ƙanana ne kamar tsinken ashana, suna tsaye a kan ganyen da ya zuba ko ciyawar gefen hanya suna karkaɗa kai, da sun ji takun ƙafa da ɗumin jiki sai su nufo ka, musamman bayan an yi ruwa. Ta ramin igiyar takalmi ma suna shiga, safa ta yau da kullum kuma ratsa ta suke.

Ka sayi safar matsattsaku, ana sayarwa a shagunan kayan shiga daji a can, kamar ƙaramin buhu take na yadi mai saƙa a matse, ana sa ta a kan safa da wando a ɗaure ƙasan gwiwa sannan a sa takalmi, ka zaɓi mai haske dan ka hango su suna hawa ka karkaɗe. Ka cusa riga cikin wando. Ka fesa maganin sauro mai sinadarin DEET a takalmi da safar da bakin wando, ka sake fesawa in kun ratsa rafi. In za ku huta ku tsaya a kan dutse ko fili busasshe inda rana ke bugawa, kada ka zauna a kan rubabben icce ko ka ajiye jaka a cikin ganye. Ka riƙe filasta da yawa da aidin, dan duk shirinka da wuya ka fito ko ɗaya bai taɓa ka ba, cirewar kuma irin wadda na faɗa wa Baba na Kura ce. In kun koma masauki ka tuɓe ka duba ko'ina har cibiya da hammata da tsakanin yatsu, ka zazzage takalmin a waje.

Tambaya ta ƙarshe daga wani wanzami a Birnin Kebbi:

Likita na ga bidiyo a Facebook turawa na manna wa marasa lafiya matsattsaku a asibiti. Tunda muna da su a fadama kyauta, zan iya kamowa in riƙa sa wa masu son a cire musu mataccen jini maimakon ƙaho?

Amsa: Sannu da aiki Sarkin Aska. Bidiyon ba ƙarya bane, kuma abin ya daɗe, Ibn Sina ya yi bayanin amfani da shi a littafinsa na likitanci kusan shekara dubu da ta wuce, Faransa kuma akwai lokacin da abin ya zame musu yayi har a 1833 kaɗai suka shigo da sama da miliyan 40, ana manna wa mutane kan kowane ciwo, daga baya aka gane yawancin wannan zubar da jini ne kawai aka watsar. Dawowarsa asibiti ta wata ƙofa ce 'yar ƙarama. In yatsa ko kunne ya gutsure aka ɗinke shi, jini yana shiga amma ƙananan jijiyoyin da za su fitar da shi ba su haɗu ba tukuna, sai naman ya cika yayi baƙi zai mutu, to a nan ake manna matsattsaku ya rage jinin na 'yan kwanaki har jijiyoyin su tsiro. A 1985 wani likita a Boston mai suna Joseph Upton ya ceci kunnen wani yaro ɗan shekara biyar ta haka, a 2004 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan aikin asibiti.

Amma waɗancan kiwonsu ake yi musamman a wuri mai tsafta, a bar su da yunwa watanni, kowane ɗaya mutum ɗaya ake sa wa sau ɗaya a kashe shi a zubar kamar allurar da aka yi amfani da ita, kuma duk da haka sai an ɗora majinyacin a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ana auna jininsa kullum. Na fadamar Argungu ba ka san me ya sha jiya ba, jaki ne ko kwaɗo ko wani mutum mai ciwon hanta, kuma in ka cire daga jikin wannan ka sa wa wancan daidai yake da yi wa mutum biyu tsaga da aska ɗaya ba a canza ba. Ƙaho kai ke da iko da shi, in ka ɗaga jini ya tsaya, shi kuwa wannan in ya faɗi jinin sai ya ga dama, in aka yi rashin sa'a mutumin yana shan maganin tsinka jini a hannunka zai galabaita. Amsata a'a ce, kada ka fara. Ka tsaya kan ƙahonka, sabuwar reza ga kowane mutum a buɗe ta a gabansa, ƙahon kuma a wanke a tafasa kafin a ɗora wa na gaba.